Ranar da Na Sumar da Kaina a Semina

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Laraba ba, a shekarata ta ƙarshe a jami'a, can Samaru. Wajen tsakiyar shekarun dubu biyu ne, lokacin da wayar hannu ta fara yawa a hannun ɗalibai amma ba ta kai ga ɗaukar hoto ba. (Wannan kaɗai ya ishe ni abin gode wa Allah har gobe.)

Sashenmu na nazarin yadda jikin ɗan'adam yake aiki ne. Duk ɗan ajin ƙarshe sai an ba shi batu ya je ya yi karatu a kai, sannan ya tsaya gaban malamai da 'yan ajinsu ya yi bayani. Shi muke kira semina. Makinta da nauyi, ni kuwa sakamakona yana kan iyaka, tsakanin irin wanda ake nuna wa dangi da irin wanda ake ninkewa a tura ƙasan akwati. Seminar nan ce za ta raba gardama.

Malama Larai ce ke duba aikina, mace mai sanyin magana da kaifin ido. Batun da ta ba ni shi ne yadda ƙwayoyin jiki suke jin an danna su, ko an ja su, ko an miƙe su, da kuma irin amsar da suke bayarwa. Da farko raina bai so ba. Wasu an ba su hawan jini, wasu ciwon suga, abubuwan da idan ka koma gida ka faɗa za a gyara zama a saurare ka. Ni kuwa me zan ce wa mahaifiyata? In ce ina binciken yadda ƙwaya take jin matsi?

Amma da na shiga karatun sai abin ya kama ni. Ashe jikin nan gaba ɗaya an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi masu rai, waɗanda ido ba ya gani, kuma kowace tana lulluɓe da wata 'yar fata siririya. A jikin fatar akwai wasu ƙofofi ƙanana a rufe. Da zarar an danna ƙwayar ko an ja ta, fatar ta miƙe, sai ƙofofin su buɗe, gishirin da ke ruwan jiki ya kwarara ciki, saƙo ya tashi. Da haka kake jin ƙuda ya sauka a hannunka. Da haka mafitsara take sanar da kai ta cika. A cikin kunne ma wasu ƙwayoyi ne masu gashi, ƙara ta kaɗa gashin, kai kuma ka ce ka ji magana. Har ƙashi, da muke gani kamar busasshen icce, yana jin nauyin da ake ɗora masa: mai ɗaukar kaya ƙashinsa ya ƙara ƙwari, wanda ya daɗe kwance a gado nasa ya yi laushi. A lokacin masanan ma ba su gama gano ainihin waɗannan ƙofofi a jikin mutum ba, suna dai ganin aikinsu. Wannan ya ƙara mini ɗoki, na fara jin kamar ni ake jira.

Daga nan na zama fitina. Ba dama in ga kanta a tafin hannun mai tura baro sai na tsayar da shi na yi masa bayani. A teburin mai shayi na hana mutane cin burodinsu cikin kwanciyar hankali. Wanda ya fi kowa shan wahalata shi ne Bitrus, abokin ɗakina kuma ɗan ajinmu, mutumin wajen Zonkwa, mai haƙuri kamar me. Muna haya ne a wani gida a cikin Samaru, ɗaki ɗaya, katifa biyu. Har ya kai idan na buɗe baki sai ya ɗaga hannu ya ce ƙwayoyin kunnensa sun gaji da kaɗawa.

Akwai kuma Nafisa. Ba abin da kuke tsammani ba ne. Ita ce ta ɗaya a ajinmu tun daga shekarar farko, kuma abin da ya fi ba ni haushi, ba ta taɓa nuna ta san ina gasa da ita ba. Rana ɗaya aka sa mu, ita ta fara, ni in biyo. Na ƙudura a raina cewa ko sau ɗaya ne sai an fita daga zauren nan ana maganata, ba tata ba.

To, a cikin karatun na ci karo da wani abu. A gefen wuya, dama da hagu, inda babbar jijiyar jini take hawa kai, akwai wani ɗan kumburi mai cike da irin waɗannan ƙwayoyi masu jin miƙewa. Aikinsu gadi ne. Idan jini ya hau, bangon jijiyar ya miƙe, sai su aika wa ƙwaƙwalwa, ita kuma ta umarci zuciya ta rage gudu. Abin dariyar shi ne ba sa iya bambance matsin jini daga ciki da matsin yatsa daga waje. Ka danna wurin, su ɗauka jini ne ya hau, zuciya ta sassauta. Littafin ya ƙara da cewa wannan kan sa mutum ya suma, kuma kada a kuskura a danna ɓangarorin biyu lokaci guda. Na karanta, har na ja layi a ƙarƙashi da jan biro.

Nan take dabara ta zo mini: in nuna abin a jikina, a gaban kowa. Mun gwada a ɗaki, ina kwance a katifa, na danna gefe ɗaya a hankali, Bitrus yana riƙe da tsintsiyar hannuna yana ƙirga bugun. Ya ce kamar ya ragu kaɗan, kamar kuma bai ragu ba. Ban ji daɗin wannan amsa ba, amma na ce ranar za a gani. Malama Larai kuwa ban faɗa mata ba. Ta ba ni shawara in zo da balan-balan in hura, in nuna yadda fata take miƙewa. Na ce to, a raina ina cewa balan-balan ai sai bikin suna.

Sai maganar kaya. Dokar sashen ce namiji ya zo da kwat da laktaye, ni kuwa tunda nake ban taɓa ɗaura wani abu a wuyana ba, mutumin kaftani ne ni. Bitrus ya ce zai ara mini kwat ɗin da yake zuwa coci da ita, da laktayen, amma farar riga sai dai in nemi tawa. Muka hau mota zuwa Sabon Gari, layin 'yan gwanjo, wajen wani kwastomansa mai suna Emeka. Emeka ya zazzage dila a gabanmu yana ta zuba Hausarsa mai gauraye da Turancin kasuwa. Na sami wata fara tas, kamar ba a taɓa sa ta ba. Ko'ina ta zauna daidai, sai wuya. Da na maƙala maɓallin sama na ji kamar an ci kwalata ana shirin kai ni ofishin 'yan sanda. Bitrus ya ce in ɗauki wata mai ruwan madara da ta fi girma. Emeka ya rantse cewa haka rigar manya take, wuya ne yake sabawa da riga, ba riga da wuya ba. Na duba madubi na ga wani mutum mai kama da lauya. Na ce ita nake so.

Ranar seminar muka tashi babu wuta. Na aro dutsen guga na gawayi wajen mai wankin layinmu, na shimfiɗa rigar a kan tabarma. Ina guga ina maimaita buɗewar jawabina. Da na zo wata jimla da ta yi mini daɗi sai na miƙe tsaye don in gwada ta da hannu biyu, na bar dutsen a zaune a bayan rigar. Ƙauri ne ya dawo da ni. Da na ɗaga, sai ga taga a tsakiyar baya, siffar dutsen guga sak, har da tsininsa, gefenta baƙi. Bitrus ya yi dariya har sai da ya dafa bango. Da ya huce ya ce in kwantar da hankalina, kwat za ta rufe, ai ba wanda zai ce in tuɓe. Singiletina kuwa ranar yana kan igiya, bai bushe ba. Ya ɗaura mini laktayen, ya ja shi sosai don ya ɓoye maɓallin da ke neman tsinkewa. Ban karya ba, don lokaci ya ƙure.

Lokacin zafi ne, gab da faɗuwar damina, irin zafin da iska ma take tsayawa cak. Zauren ya cika, har da 'yan ajin ƙasa da aka tilasta wa zuwa. Fankoki a tsaye, majigi ba wuta. A layin gaba malamai ne, a tsakiyarsu shugaban sashe, wani dattijon Farfesa da ya shahara da lumshe ido kamar mai barci, sannan ya buɗe ya jefo tambayar da za ta raba ka da makinka.

Nafisa ta yi nata a kan ƙoda. Ta yi kyau, kamar kullum. Aka tafa mata daidai misali, ta zauna.

Na tashi. Gaskiya, ba yabon kai ba, farkon ya tafi lafiya. Na zana ƙwaya a allo, na zana ƙofofinta. Na kawo maganar kantar hannu, da ƙashi, da gashin kunne. Da na zo kan mafitsara aka yi dariya a inda na tsara za a yi. Malama Larai tana gyaɗa kai. Gumi dai yana bin bayana, ina jin sa yana wucewa ta tagar nan kai tsaye zuwa cikin kwat ɗin Bitrus, kuma duk lokacin da na juya kai wajen allo sai in ji kwalar ta cije ni. Amma ina kan ganiyata. Har Farfesa ya buɗe ido ɗaya.

Sai na ajiye alli na ce yanzu zan nuna musu abin da idonsu. Na kira Bitrus ya fito. Tsarin shi ne ya riƙe tsintsiyar hannuna na hagu, duk bugu ɗaya ya ƙwanƙwasa biro a kan tebur, don kowa ya ji. Aka yi tsit. Biro ya fara: ƙwas, ƙwas, ƙwas, da sauri kamar mai tallan ƙanƙara yana buga akwati. Wani daga baya ya ce wannan zuciyar mai laifi ce. Na yi murmushin wanda ya san abin da ke tafe.

Na kai hannun dama wuyana na danna gefe ɗaya. Biro bai sauya ba. Na ƙara dannawa. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Na hango Nafisa ta ɗan karkatar da kai, irin na mai tausayi. Wannan karkatarwar ce ta ƙarasa ni. Na buɗe hannu, babban yatsa a dama, sauran a hagu, a saman kwalar da dama ta riga ta yi rabin aikin, na matse da gaske.

Na ji Malama Larai ta kira sunana, ta fara miƙewa.

Ƙwas. Sai shiru. Ƙwas. Na tuna daɗin da na ji a wannan lokacin, har na buɗe baki zan ce kun ji ko. Sai fuskokin mutane suka fara yin nisa, gefen zauren ya yi duhu, kamar ana rufe ƙofa a hankali daga waje. Ban ji ƙwas na gaba ba. (Bitrus ya ce shi ma jiransa yake yi, biro a sama, sai kawai ya ga hannun da yake riƙe da shi yana jan sa ƙasa.)

Abin da na sani bayan nan shi ne ina kwance a wuri mai sanyi, ana yi mini fifita, wata mace ta sunkuyo kaina tana taɓa goshina. Na ji daɗi ƙwarai. Na tabbata a gida nake, a ɗakin mahaifiyata, ina hutun makaranta. Sai na yi miƙa, na ce da muryar shagwaɓa, a cikin zauren da ko tari ba a yi:

"Inna, an dama kunun?"

Malama Larai ce.

Dariyar ba ta zo nan take ba. Sai da aka tabbatar ina numfashi, ido ya buɗe, sannan ta fashe daga baya ta gangaro gaba kamar ruwan kwata. A hankali na fara gane halin da nake ciki. Ina kwance a siminti. Ƙafafuna suna kan kujera, an cire takalman. Laktaye yana hannun Bitrus. Maɓallin sama ya yi nasa wuri, ba a sake ganinsa ba. Mai yi mini fifita kuwa Nafisa ce, kuma da takardun jawabina take yi.

Ita ce ta ce zafi ya yi masa yawa, a cire masa kwat. Na riƙe gaban kwat ɗin da hannu biyu na ce na warke, wallahi na warke. Bitrus, Allah ya saka masa, ya yi ƙoƙari. Ya ce a bar shi da ita, sanyi yake ji. A wannan zafin. Wani malami ya daka masa tsawa, aka ɗaga ni zaune, bayana yana fuskantar jama'a, aka zare kwat.

Ban ga abin da suka gani ba, amma na ji shi. Na ji iska ta taɓa fatar bayana daidai faɗin dutsen guga, kuma a daidai wannan lokacin na ji zauren ya ɗauke numfashi. Sai wata yarinya 'yar ajin ƙasa ta tambaya, da gaske take, ko faɗuwar ce ta ƙona shi.

Wannan karon har malamai. Da na waiga na ga wani yana share hawayen dariya da hularsa.

Farfesa ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya taso a hankali, ya sa aka sake kwantar da ni aka mayar da ƙafafuna kan kujera. Ya tsaya a kaina, ya juya ga ɗalibai, ya gaya musu da kakkausar murya cewa abin da suka gani ba wasa ba ne, akwai wanda zai yi haka bai tashi ba, kuma duk wanda ya ji labarin ya gwada, ko a ɗaki, ya nemi wani sashen. Zauren ya yi sanyi. Sannan ya sunkuyo ya dube ni ta saman tabarau.

"To, malam mai bincike. Lokacin tambayoyi ya yi. Daga inda kake, faɗa mana abin da ya same ka, daki-daki."

Haka na amsa tambayoyin seminata, a kwance, ƙafa a sama, ina kallon fankar da ba ta juyawa. Na ce ranka ya daɗe, yatsuna da kwala sun matse bangon jijiyar, ƙwayoyin wurin suka miƙe, ƙofofinsu suka buɗe, suka aika cewa jini ya hau. Ƙwaƙwalwa ta yarda da su, ta sa zuciya ta rage gudu, jijiyoyi suka saki. Ga tsayuwa, ga zafi, ga yunwa, jini ya taru a ƙafa bai kai kai ba. Ya tambaye ni dalilin ɗaga ƙafar, na faɗa. Ya tambaye ni ko ƙwayoyin sun yi kuskure. Na yi tunani na ce a'a, su abin da suka ji suka faɗa. Ya ce to wa ya yi kuskuren? Na ce ni ne, ranka ya daɗe. Ya ce wannan ita ce amsa mafi inganci da ya ji tun safe, ya koma kujerarsa ya lumshe ido.

Bayan an tashi Malama Larai ta sa aka kai ni ofishinta. Ta rufe ƙofa ta wanke ni tas. Ta ce da wani abu ya same ni me za ta gaya wa iyayena, kuma me ya sa ban tambaye ta ba. Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba, sai a nan na gane ba ni kaɗai na sha wuya a zauren ba. Na ba ta haƙuri iya iyawata. Can ta jawo durowa ta fito da biskit da lemon kwalba ta tura gabana.

"Ci wannan," in ji ta. "Kunun bai samu ba."

Ta juya wajen taga, kafaɗunta suna girgiza.

Daga ranar sunana ya ɓace, na koma Ɗan Inna har muka gama. A layin abinci sai in ji an ce a ba shi hanya, bai sha kunu ba. Makin ya fito, an rage mini saboda ganganci, amma abin da ya saura ya tsallakar da ni da ƙyar. Nafisa ce ta zo ta ɗaya. Ta same ni daga baya ta ba ni takarduna, duk sun lanƙwashe, ta ce bayanina na farko ya fi nata, da na tsaya a nan. Na so ƙasa ta tsage.

Shekaru sun tafi. Ina koyarwa yanzu a wata makarantar horar da ma'aikatan lafiya. Kwanakin baya aka kawo mana sabon malami, saurayi, ashe sashenmu ya gama. Muna cin abinci a ɗakin malamai sai ya ce bari ya ba ni labarin wani da ake ba su a aji duk shekara idan an zo darasin jijiyar wuya. Wai wani ɗalibi ne a da, ya shaƙe kansa a gaban Farfesa, ya faɗi, ya tashi yana kuka yana kiran uwarsa. Wai da aka cire masa kwat babu riga sam a ciki, kwala ce kawai da hannuwa. Wai a motar asibiti aka wuce da shi asibitin koyarwa na Shika, kuma tun daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ya tambaye ni ko mun yi zamani da shi.

Na tauna lomata a hankali, na haɗiye. Na ce na san shi sama-sama, yaro ne mai ƙoƙari, sai dai rawar kai. Na so in gyara masa maganar rigar, don rigar nan tana da gaba, har da aljihu, amma na ga wanda ya san wannan dalla-dalla zai sha tambaya.

Abin da na koya dai bai da yawa. Idan littafi ya ce abu kaza yana sa mutum ya suma, to wannan mutumin da ake magana, har da kai mai karatun.